'Yar Farin Gwamma Mai Daddawa

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da miyar kuka a Kutama ko Kabo har ya suɗe yatsa, to akwai hannun Gwamma a ciki, ko ya sani ko bai sani ba. Daddawa take yi, ta kalwa zalla, ba irin ta waken suya da ta cika kasuwa ba. Wajen kakarta ta gaji sana'ar, tun tana 'yar ficiciyar da sai ta yi ɗage take iya leƙa cikin turmi. Mace ce doguwa, baƙa, marar yawan magana. In ana hira a gidan suna, ita ce can gefe tana tsince shinkafa, in an yi abin dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Mata kan ce wa 'ya'yansu, "Ki dubi Gwamma, ki koyi kunya." To, wannan yabon shi ya ci ta, wallahi.

An kai ta Kabo gidan Ɗalha a shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Auren soyayya ne, kada wani ya ce dole aka yi mata. Lokacin Ɗalha yana aiki a wata masaƙa a Kano, duk ƙarshen mako yana dawowa da burodi da 'yan ƙyallayen atamfa. Shekara na zagayowa ta haifi 'ya mace, aka sa mata Humaira.

A dangin su Gwamma, 'yar fari ba ta uwa ba ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ko nono za ta ba ta sai ta juya baya ta ɗaure fuska kamar an sa ta aikin dole. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta tsallake ta farin ta fara ƙirga daga na biyu. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Gwamma kuwa sai ta ɗauki abin ta kai shi inda ko tsofaffin ba su kai ba. Da aka yaye Humaira, uwar Ɗalha ta goye ta ta wuce da ita sashenta. Da tsohuwar ta rasu, yarinyar na da shekara biyar, sai yayar Ɗalha, Goggo Uwaliya, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauke ta zuwa gidanta can bakin kasuwa. Ranar tafiyar aka ce, "Gwamma, ga 'yarki za ta gidan goggonta." Ta ce, "Ni ina ruwana? Ai taku ce." Mata suka yi ta sa mata albarka. Ta shiga ɗaki ta cusa fuska a filo, ta yi kukan da ya bar ta kwana da kwanaki ba ta iya haɗiyar tuwo.

Amma fa son 'ya ba ya jin magana. Hanyar Islamiyyar su Humaira ta bi ta bayan dangar gidan Ɗalha. Sai Gwamma ta ɗauke murhun dafa kalwa ta mayar da shi jikin dangar, ta ce wai hayaƙi ya fi fita ta nan. Ta wata 'yar kafa tsakanin karare take ganin yarinyar, da safe da la'asar. Ta san ranar da ta yi giɓi, ta san ranar da silifas ɗinta ya tsinke ta riƙo shi a hannu. Idan kuwa Humaira ta shigo gaisuwa, sai ta durƙusa daga nesa ta ce, "Yaya, ina kwana," don Yaya take ce mata kamar yadda ta ji 'yan uwa suna faɗa. Gwamma ta ce, "Lafiya," ko ɗago kai ba ta yi. Bayan haka ta haifi maza biyu, Uwaisu da Jibirin. Su kam tana kiran sunansu har da tsawa.

Sai masaƙa ta rufe. Aka sallami su Ɗalha, ya dawo Kabo da akwatinsa da wata rediyo, ya karɓi babur ɗin wani yana acaɓa. A yi masa adalci, ba mugun mutum ba ne, rashi ne ya gurɓata shi. Daddawar Gwamma ce ta koma ciyar da gidan, abin kuwa ya tsaya masa a rai. Mutumin da a da yake cewa miyar matarsa ta fi ta kowa, shi ne ya koma toshe hanci yana cewa an mayar masa da gida juji. A kan wannan ya yi saki na farko, manya suka shiga, aka yi kome. Na biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba, aka sake yin biko. Na ukun ya faɗo wata safiya da damina, yana tura babur ya ƙi tashi, ita kuma ta ce masa babu gero a gidan. Ya juyo ya ce ya sake ta. Daga ita sai awaki a tsakar gidan. Ta kwashi 'yan mazanta biyu ta tafi Kutama, gidan ƙanin mahaifinta, Malam Abdulwahab, wanda suke ce wa Baffa, don iyayenta sun riga mu gidan gaskiya. Washegari Ɗalha ya biyo ta, ya zauna gaban Baffa ya ce shi sam bai furta ba.

Shekarar kuwa ita ce wadda aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ko'ina lasifika, ko'ina wa'azi, har a layin niƙa mata na maganar halal da haram. Gwamma da kunnenta ta ji abin da Ɗalha ya ce, ta kuma san igiya ta ƙare. Ta ce ita ba za ta koma ta yi zaman haram ba, ko za a yanka ta. Shi kuma ya ƙi ba da takarda. Ta taɓa zuwa kotun Kabo sau ɗaya. Alƙali ya ce ta yi bayani, ta ja mayafi ta rufe fuska tana magana kamar mai raɗa, Ɗalha kuwa ya zuba zance tiryan-tiryan. Aka ce su je gida a sasanta.

Duk wannan Gwamma ta shanye shi. Abin da ya kayar da ita labari ne da wata mai sarin daddawa ta kawo daga Kabo: mijin Goggo Uwaliya, wanda ke fataucin goro, zai kwashe iyalinsa su koma Shagamu da zama bayan Babbar Sallah, har da Humaira. Gwamma ta ce, "Allah ya kai su lafiya," ta ci gaba da ƙirga wa matar kayanta. Daga ranar abinci ya fita ranta. Da can ko ba komai akwai kafar danga. Yanzu babu danga, ga shi kuma za a saka ƙasa mai nisa a tsakani.

Ƙanwarta Altine ce ta gano ta. Altine malamar firamare ce a Gwarzo, gajeriya, mai baki kamar reza, ita kam ba a taɓa kafa misalin kunya da ita ba. Ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar da zanin yayarta yana zamewa daga ƙugu.

"Yaya, a kan Ɗalha kike wannan ramar? Allah ya sauwaƙe!"

"Wane Ɗalha kuma."

"To a kan wa?"

Gwamma ta ci gaba da juya kalwa da ludayi.

"'Yar gidan Goggo ce ko?"

Ludayin ya tsaya. Hawaye ya gangaro ya ɗiga a bakin tukunya. Altine ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe haka ne! Shekara da shekaru kina cin wuta ke kaɗai, mu muna nan muna tafa miki."

Ita ta nemo lauya. Barista Lukuman sunansa, wan wata abokiyar aikinta, yana zuwa Gwarzo daga Kano duk Talata saboda shari'un da yake da su. Ya ce a kawo masa Gwamma. Saƙonsa kuma a bayyane yake: ta zo da zancenta a jere a kanta, yaushe aka ɗaura aure, wa ya ba da ita, yaushe aka yi kowane saki, wa ya san da na farko da na biyu. Sannan ta faɗi duk abin da take nema da bakinta, don abin da mutum bai nema ba alƙali ba ya ba shi. Altine ta ƙara da cewa ta ji daga bakinsa, a Shari'a in aure ya mutu uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙon 'yarta. Gwamma ta zuba mata ido kamar ta yi wani yare. Ita duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa gaya mata cewa addini ma ya san tana da 'ya.

Da la'asar Altine ta kifa turmi a gindin darbejiya, ta zauna bayansa, ta ɗauki tsinke ta riƙe kamar biro, ta kumbura murya.

"To Malama, ni ne lauya. Sunanki?"

"Ke Altine, ba ki da aikin yi ne?"

"Babu Altine a nan. Sunanki?"

"Gwamma."

"Sunan mijinki?"

Ta sunkuyar da kai. "Baban su Uwaisu."

"Baban su Uwaisu za a rubuta a sammaci? To, wannan na yafe miki, an san shi. Yaya aka yi ya sake ki?"

Nan Gwamma ta ba da mamaki. Ta jero zancen tsaf, na farko da shekararsa, na biyu da waɗanda suka zo biko, na uku da irin ruwan da aka kwana ana yi. Mai sana'ar da ke riƙe da lissafin masu saye a ka ba ta mantuwa. Altine ta gyaɗa kai, ta ce, "Madalla. 'Ya'yanki nawa?"

"Biyu."

Altine ta yi jifa da tsinken. "Innalillahi! Yaya, don wa muke wannan wahalar? Don wa kika bar cin abinci?"

"Bakina ne ya saba."

"To ya sake sabo. 'Ya'yanki nawa?"

Kaza ta zo ta yi tsattsage a gabansu ta wuce. Can Gwamma ta ce, "Uku," a hankali, tana waige kamar ta yi sata.

"Sunan babbar?"

Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Altine ta tambaya, ta sake tambaya, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Daga ƙarshe Gwamma ta kama maƙogwaronta ta ce, "Ke ba ki gane ba. Ba ƙi nake yi ba. Yana zuwa har nan, sai in ji kamar Inna tana tsaye a kaina tana kallona."

Altine ta matso kusa da ita. Ta sauke murya ta ce, "Yaya, sunan miji zan iya faɗar miki, sunan unguwa zan iya. Amma 'ina son 'yata' babu mai faɗar miki shi a duniya. In kika yi shiru ranar Talata, sai dai ki ji labarin aurenta a bakin 'yan goro."

Kwanakin da suka rage Gwamma ta yi su tana koyon sunan 'yarta kamar mai koyon karatu. Ba ta iya faɗa a fili, sai ta samo dabara. In ta zuba kalwa a turmi za ta surfa, duk saukar taɓarya sai ta furta shi a ƙarƙashin ƙarar, yadda ko ita da ƙyar take ji. Humaira. Humaira. Matar Baffa ta leƙo ta ce, "Ke kuwa wannan surfe haka, ai sai ki fasa turmin." Farko sunan ya yi mata nauyi a harshe, daga baya ya fara daɗi, har ta kama kanta tana murmushi ita kaɗai. Ta ce a ranta, in dai daga ita sai lauyan ne, baƙo ne, bai san gidansu ba, za ta iya.

Ana gobe tafiya Baffa ya kira ta zaure bayan ya sallami ɗalibai. Dattijo ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma duk duniya ba wanda take jin nauyi kamarsa. Shi bai yarda da lauyoyi ba, yana cewa mutane ne masu mayar da baƙi fari. Ya ce, "Na ji shirin da kuka yi da Altine. Ban hana ba, tunda yaron nan ya ƙi gaskiya. Amma ba za a ce 'yar gidan nan ta zauna gaban wani namiji ita kaɗai tana tona cikinta ba. Da ni za a je."

Gwamma ta ce, "To, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Da safe ta wanke hannu da toka, ta sake wankewa da lemon tsami, tana shinshinawa, don kada warin daddawa ya riga ta shiga ofishin mutane. Ta sa hijabin Altine da ya tsaya mata a gwiwa. A cikin motar Gwarzo an matse ta tsakanin buhun barkono da wata mai goyo, Baffa na gidan gaba yana jan carbi. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta maimaita sunan a zuci. Altine ta tare su a tasha ta kai su har ƙofa, amma ba ta iya zama ba, masu duba makarantu za su zo. Ta matse hannun yayarta ta raɗa mata, "Uku," ta wuce da sauri.

Ofishin ɗaki ɗaya ne jikin shagon mai buga takardu da tafireta, kusa da kotu. Tebur, benci, da fanka da ba ta juyawa don babu wuta. Barista Lukuman saurayi ne siriri, ba irin ƙaton mai tumbin da Gwamma ta zata ba. Ya taso ya rusuna ya gaida Baffa, ya tambayi gida, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi damina da hanya, har fuskar dattijon ta ɗan saki. Sannan ya juyo ya ce, "Malama, ki saki jikinki. Abin da kika faɗa a nan, a nan zai tsaya."

Ta ba da labarin sakin kamar yadda ta yi a gindin darbejiya, kanta a ƙasa amma muryarta na fita. Ya saurara yana rubutu. Ya ce saki biyun farko ba matsala, akwai shaidu. Na ukun, tunda ba kowa a wurin, za a nemi Ɗalha ya rantse da Alƙur'ani, kuma sau da yawa mai musu a zaure ba ya iya musu in an ɗora masa Littafi a hannu. In kuwa ya rantse, akwai hanyar da za ta fanshi kanta.

"To, 'ya'ya nawa ne tsakaninku?"

Ƙarar tafireta na shigowa daga maƙwabta. Gwamma ta buɗe baki. Ta gefen ido tana hango farin gemun Baffa da yatsunsa a kan carbi. Abin da ta kwana tana tanadi ya taho har maƙogwaro ya tsaya cak.

Baffa ya ga halin da take ciki, ya ji tausayinta, sai ya ɗauke mata nauyi. Ya ce, "Biyu ne a hannunta, maza. Akwai babba, amma ita 'yar fari ce, tana wajen dangin uban tun yaye. Ba a yi mata maganarta."

Lauyan ya ajiye biro. "Allah gafarta Malam, a yi min afuwa, daga bakinta nake so in ji. Malama, ƙanwarki ta ce min akwai maganar yarinya, har ana shirin tafiya da ita Kudu. In suka ƙetare da ita, sammacin kotun nan ba zai kai musu da sauƙi ba. Yanzu ne lokacin. Amma ni ba zan rubuta abin da ba ki faɗa ba. Kina neman a ba ki ita?"

Kai, sabo mugun abu ne! Kafin Gwamma ta san me ake ciki, bakinta ya riga ya yi abin da aka koya masa. Ta ji kanta tana cewa, "Ai tasu ce."

Baffa ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Barista Lukuman ya dube ta ɗan lokaci, sannan ya ɗauki bironsa ya wuce kan maganar kayan ɗaki da ciyar da yaran biyu. Ta amsa da to, da a'a, ba ta ma san me take amsawa ba. Ya ce su dawo Talata mai zuwa, zai shigar da ƙara. Aka yi addu'a aka shafa. A bakin ƙofa Baffa yana gyara babbar rigarsa ya ce mata cikin jin daɗi, "Dama na san ba za ki ba mu kunya ba."

Ta sa ƙafa ɗaya a takalmi. Ɗayar ta ƙi shiga. Ta tsaya tana kallon takalmin. Sai ta juya, takalmi a ƙafa ɗaya, ta koma ta dafa teburin lauyan da hannu biyu.

"Uku ne."

Ya ɗago kai.

"Uku ne. Sunanta Humaira. Ni na haife ta, da azumi, da hantsi. Ina son ta. A rubuta ina son ta." Muryar da ko alƙali bai ji ba ta cika ɗakin, har mai tafireta ya dakata. "Tana da tabo a ƙafar hagu. Garwashi ta taka a bayan dangarmu tana 'yar shekara shida, tana ihu, ina kallon ta ta kafar kara, ban fita ba don akwai mata a wurin. Wata ce ta ɗauke ta. Ni ina tsaye da ludayi a hannu. Baffa, ka yafe min, na kasa. Wallahi na kasa."

Ta durƙushe a wurin tana kuka, irin kukan da ba a yi a gaban manya.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya dawo ya zauna a kan benci a hankali. Can ya ce, "Lokacin da tsohuwar ta rasu, Uwaliya ta tako har Kutama ta same ni. Ta ce, Malam, a tambayi Gwamma, in tana son 'yarta a mayar mata, ni ba zan raba uwa da 'ya ba. Na ce haba, 'yar gidanmu ce, kada ma ki kunyata ta da wannan tambayar." Ya share ido da bakin rawani. "Na zaci gata na yi miki."

Gwamma ta ɗago ta dube shi. Ashe ƙofar a buɗe take tun farko, ita da masu son ta suka taru suka rufe ta da ladabi.

Lauyan ya rubuta sunan, ya karanta mata ta ji. Sannan ya ce, "Haƙƙinki ne, kuma zan nema miki. Amma gara in gaya miki gaskiya tun yau. Za su ce kin bar ta shekara da shekaru ba ki taɓa nema ba. Yarinyar kuma ta yi wayo, wani alƙalin yakan so ya ji daga bakinta. Ita ta san kina son ta?"

Duk shirin da Gwamma da Altine suka yi, ba su taɓa kawo wannan tambayar ba.

Da suka fito, maimakon tashar Kutama, Baffa ya nufi inda motocin Kabo ke lodi. Bai yi mata bayani ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sun isa bayan la'asar. Ya tsaya a masallacin bakin kasuwa ya ce, "Je ki. Ina nan."

Ba ta kai ga shiga gidan Goggo Uwaliya ba ta hango ta. Tana tahowa daga famfo da bokiti a ka, ta yi tsawo, wuyanta irin na Gwamma sak, tana 'yar waƙarta. Ta zo za ta gifta, ba ta lura da matar da ke tsaye jikin katanga ba.

"Humaira."

Yarinyar ta tsaya. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta duba bayan Gwamma tana neman wanda ya kira ta. Babu kowa a lungun. Sai a sannan ta dawo da idonta kan matar da ke gabanta. Ta sauke bokitin da sauri har ruwan ya fallatsa, ta durƙusa daga nesa.

"Yaya, ina wuni."

"Humaira," Gwamma ta sake cewa, ta miƙa hannu.

Yarinyar ta kalli hannun, ta kalli jajayen idanun, ta ɗan ja da baya a durƙushe. Ta ce, "Wani laifin na yi?"

Gwamma na neman abin da za ta fara da shi, sai muryar Goggo Uwaliya ta taso daga cikin gida. "Humaira! Ruwan nan sai magariba?"

Fuskar yarinyar ta saki nan take. Ta juya ta ce, "Na'am, Umma! Ga ni nan!" Ta ɗauki bokitinta ta shige zaure, ta bar Gwamma tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannunta a miƙe.